Takarda kafin feda: nasiha ga samarin Magami masu sha'awar tseren keke

'Ya'yana, ina ganin yadda tseren keken kan duwatsu ya shiga ranku tun da kuka fara kallonsa a waya. Ina kuma jin abin da kuke faɗa wa juna: waɗannan Turawan me suka fi mu? Ban ga laifin tambayar ba. Yaron da ya saba ɗaura buhun dawa a kariya, ya ratso yashi da kwazazzabai daga gona zuwa gida a kan keke marar giya, ba za a koya masa ƙarfin ƙafa ba. Ƙasarmu ma ta dace da wasan. Wanda ya tsaya a gindin dutsen Kwatarkwashi, ko ya dubi tuddan Tsafe, ya san Allah ya ba mu irin filin da wasu ke kashe kuɗi su gina. Sai dai akwai wani ɓangare na wasan da waya ba ta nuna muku. Kafin mutum ya jera da 'yan'uwansa a layin farawa, wani ya riga ya zauna a tebur ya duba sunansa, shekararsa ta haihuwa, lambarsa da lafiyar kekensa. A wannan teburin ake mayar da mutane da yawa gida tun ba su taka feda ba, kuma a kansa nake so mu yi magana.

Lasin keke ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu da muka ga zamanin En'e mun san ɗan farantin ƙarfen nan mai lamba da ake ɗaura wa keke kowace shekara, kuma ɗan doka na iya tsayar da kai a bakin kasuwa ya duba. Har yau ma tsarin mulkin 1999 ya lissafa ba da lasin keke da baro da kwalekwale da amalanke cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Amma wancan lasin na keke ne, haraji ne. Lasin tsere na mutum ne. Takarda ce da ke cewa wane ne kai, yaushe aka haife ka, wace ƙasa kake wakilta, da wane rukuni za ka kara, kuma ka yarda a hukunta ka da dokokin wasa.

Mai dokokin ita ce hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda aka kafa a birnin Faris a 1900, hedikwatarta kuma yanzu tana garin Aigle a ƙasar Suwizalan. Ita ba ta miƙa wa kowa lasi hannu da hannu. Kowace ƙasa tana da hukuma ɗaya da UCI ta amince da ita, tamu ita ce Hukumar Tseren Keke ta Najeriya, kuma ƙa'ida ita ce mutum ya nemi lasinsa a ƙasar da yake zaune. Ɗan Magami da ya koma Maradi da zama, a Nijar zai yanki nasa, amma yana nan ɗan Najeriya a kan takardar. Lasin yana aiki daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, sai a sabunta. Abin da ba ya canzawa shi ne lambar shaida mai alƙaluma 11 da ake ba kowane ɗan tsere. Wannan lambar ita ke bin ka har ka tsufa. Duk tseren da ka shiga, duk makin da ka ci, duk horon da aka yi maka, a ƙarƙashinta ake rubutawa, kuma alƙalin wasa a kowace ƙasa zai iya buɗe kwamfuta ya gani. Yaron da bai kai shekara 18 ba sai mahaifi ko waliyyi ya sa masa hannu. Ana kuma tambayar inshora, wato wanda zai ɗauki nauyi idan ka ji rauni ko ka ji wa wani.

Ku lura da wani abu da zai yi wa wasunku daɗi: ba mahayi kaɗai ke riƙe da lasi ba. Koci yana da nasa, alƙali yana da nasa, makanikin ƙungiya ma yana da nasa. Yaron da ke zaune a rumfar mai faci yana miƙe rim, yana gane ciwon sarƙa da kunne tun kafin ya taɓa ta, yana da gurbi a wannan wasa ko da bai taɓa cin tsere ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, maganar shekaru. Ana raba masu tsere rukuni-rukuni: 'yan shekara 16 zuwa ƙasa yara ne, 17 da 18 matasa, 19 zuwa 22 'yan ƙasa da 23, daga 23 zuwa sama manya. Lissafin kuma ba da ranar haihuwa ake yinsa ba, shekarar haihuwa ake cirewa daga shekarar da ake ciki. Wanda aka haifa a Janairun 2008 da wanda aka haifa a Disamban 2008 sa'o'in juna ne a wurin hukuma, dukansu matasa ne a 2025 da 2026. To, kun san halin da muke ciki. Da yawa daga cikinku an haife ku a ɗaki, ungozoma ta yanke cibiya, aka yi suna ran bakwai, ba wanda ya rubuta komai. Ranar da aka shiga firamare malam ya dubi tsayinka ya ba ka shekara. Ranar rajistar NIN aka faɗi wata. Ranar jarrabawar sakandare aka rage biyu saboda wani ya ce zai yi amfani nan gaba. Sai ka ga mutum ɗaya da ranakun haihuwa uku, sunansa ma a nan Muhammadu, a can Mamman, a wata takardar Mohammed.

Ku zauna da iyayenku tun suna raye ku tsayar da gaskiya. Uwa ba ta manta damunar da ta haihu, uba yana tuna wa ke mulki, ko wace shekara ce aka yi fari ko ambaliya. Ku samo shekarar, ku je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi muku takardar haihuwa ko ta shaida, sannan ku bi sauran takardun ku daidaita su da ita, har da yadda ake rubuta sunan. Aiki ne mai cin rai, akwai layi, akwai je-ka-ka-dawo, amma gara a yi shi kana gida da a yi shi ana gobe tafiya.

Za a samu mai ba ku shawarar ku rage shekaru don ku kara da yara ku ci kofi. Zai ce kowa ma haka yake yi. Ku ji abin da wannan shawara ta jawo wa ƙasar nan. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa, ta kuma ƙwace mata damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa a takardun Olamfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a gasannin baya. A 2016 kuma, ana shirin karawa da Nijar, 'yan wasa 26 na ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi gwajin hoton ƙashin wuyan hannu, aka sallame su. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A tseren keke kuwa, shekarar da ka bayar ranar farko tana manne da lambarka, ba ka da hanyar sauya ta ba tare da ka tona kanka ba. Ban da haka, wanda ya rage shekara haƙƙin wani yaro ya ci, yaron da ya faɗi gaskiya, ya yi atisaye, aka ture shi. Wannan haƙƙi ne da za a tambaya gobe kiyama, ko da alƙalin wasa bai gani ba.

Takarda tana iya kayar da mutum ko da bai yi laifin komai ba. A Yulin 2021, an riga an isa Tokiyo, aka hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle 10 na Najeriya shiga gasar Olamfik. Ba a kama su da ƙwaya ba. Doka ta ce a yi musu gwaji sau uku na ba-zata cikin watanni goma kafin gasar, ba a cika adadin ba. Shekarun wahala suka tafi a kan abin da ba a filin wasa yake ba. A Faris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ita ce ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke a Olamfik, ta samu gurbin tseren cikin zaure a ƙurarren lokaci, ba ta da irin keken da dokar gasar ta amince da shi, sai tawagar Jamus ta ara mata. Na ji masu yi mata dariya. Ni abin da na gani shi ne mace mai takardu cikakku da suna mai kyau, har baƙi suka yarda su danƙa mata kekensu. Darasin da ke ciki a gare ku shi ne kada ku bar wa kowa sha'anin takardunku. Ko an ce an sa sunanka, ka nemi ganin jerin da idonka, ka duba harafi-harafi, ka san ranar da ake rufe rajista.

Sai maganar ƙwaya, kuma a nan zan yi muku magana ba ɓoye-ɓoye, domin na san abin da ke yawo a gari. Tiramol ya zama abokin aikin masu noma, masu haƙar zinare da 'yan acaba, ana cewa yana kashe gajiya. UCI ta haramta shi lokacin gasa tun 1 ga Maris 2019, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta sa shi a jerinta daga 1 ga Janairun 2024. Ɗigon jini daga ɗan yatsa ya isa a gano shi. Nairo Quintana na Kolombiya, gwarzon da duniya ta sani, ya zo na shida a tseren zagaya Faransa na 2022, aka samu tiramol a jininsa, aka share sakamakon gaba ɗaya. Dalilin haramcin ba wasa ba ne. Ƙwayar tana kawo jiri da gyangyaɗi, tana rage hankalin mutum a kan hanya. Ku auna wanda ke gangarowa daga dutse, tayarsa na tsalle a kan tsakuwa, mutane a gabansa da bayansa, kansa kuma yana juyawa.

Dokar ta ce duk abin da aka samu a jikinka kai ne da alhakinsa. Ba a karɓar uzurin cewa mai kemis ne ya haɗa maka, ko aboki ne ya ba ka, ko ba ka san abin da ke cikin kwalba ba. Saboda haka haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna, da maganin ƙarfi na masu talla da lasifika ranar kasuwa, ku nisance su, don ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Mai asma ko wata cuta da dole ya sha magani yana da hanya: likita ya rubuta, a nemi izini tun kafin gasa. Wanda aka tabbatar ya sha da gangan yana iya shan dakatarwar shekara huɗu, kuma shekara huɗu a rayuwar ɗan tsere rabin ƙuruciyarsa ce. Tseren Cape Epic na Afirka ta Kudu, wanda ake yi tun 2004, ya ma taɓa kafa doka mai tsanani fiye da haka: wanda aka hukunta kan ƙwaya ba zai sake shigarsa ba har abada. Ko ba don lasi ba, 'ya'yana, jinin nan amana ne.

Ranar tsere kuma tana da nata ƙa'idoji, kuma idan kuka dube su da kyau za ku ga kusan kowace an kafa ta ne don a tsare rai ko a tsare adalci. Hular kwano dole ce, a gasa da lokacin gwada hanya, kuma a ɗaure take a haɓa. Masu tseren gangara, inda ake sakin mutum ɗai-ɗai daga saman dutse, hularsu mai rufe fuska ce gaba ɗaya, sai sun gwada hanyar aƙalla sau biyu kafin a bar su su shiga, kuma a gasar ƙasa da ƙasa ba a karɓar wanda bai kai 17 ba. Tseren dogon zango, mai kilomita 60 zuwa 160, na 'yan 19 zuwa sama ne. Wanda ake yi a Olamfik zagaye ne na kimanin kilomita 4 zuwa 6, a yi ta maimaita shi har wajen awa ɗaya da rabi, da hawa da gangara da duwatsu da saiwoyi.

A wannan tseren na zagaye, lambar da aka ɗaura a gaban kekenka da ita za ka gama, ba a sauya keke. Idan tayarka ta yi faci ko sarƙa ta tsinke, ko dai ka gyara da kanka a inda kake, ko ka tura keken gaba har ka isa wurin da aka keɓe wa makanikai, kuma ba a juyawa baya don a isa can. Ɗan'uwanka da ke kallo a gefen hanya ba zai miƙo maka famfo ba, ba zai tura ka a hawa ba, in ya yi kai ya ja wa. Idan ka kauce daga hanya, ta inda ka fita ta nan za ka koma. Akwai kuma dokar kashi 80: idan na gaba ya yi zagayen farko a minti 10, duk wanda ya bar tazarar da ta wuce minti 8 tsakaninsa da shi za a ɗaga masa hannu a fitar da shi, don kada ya tare wa masu zuwa hanya. Wanda aka fitar ya sauka da ladabi. Gardama da alƙali a bainar jama'a laifi ne da ake rubutawa, ƙorafi yana da hanyarsa.

Jerin farawa ma ba rububi ake yi ba. Masu maki a gaba, marasa maki a baya, kuma da yake hanyar takan tsuke bayan 'yan mitoci, na baya ya riga ya yi asara tun kafin ya yi gumi. Makin ana tara shi ne a gasannin da ke cikin kalandar hukuma da gasar zakarun ƙasa, kuma ba ya shiga ko'ina sai ƙarƙashin lambar shaidar nan taka. Wannan ne ya sa na ce muku takarda tana gaba da feda. Kana iya fin kowa gudu daga nan har Bungudu, amma in ba a rubuta ba, a wurin hukuma ba ka taɓa tsere ba.

Kada tsawon hanyar ya karya muku gwiwa, wasan kansa yaro ne. A 1976 wasu samari a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka suka fara gangarowa daga tudu da tsofaffin kekuna masu nauyi, ba su da komai sai agogo da littafin rubuta lokaci. A 1990 aka yi gasar duniya ta farko a ƙarƙashin UCI a Durango ta jihar Kolorado. A 1996 wasan ya shiga Olamfik a Atlanta, watanni biyu kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara, wato sa'an jiharmu ne a can. Adrien Niyonshuti na Ruwanda, wanda ya rasa 'yan'uwa da yawa a kisan ƙare-dangi na 1994, shi ya riƙe tutar ƙasarsa a Landan a 2012, ya shiga tseren keken dutse ya kuma kai ƙarshe. Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya ci tagulla a Faris a 2024, ya zama zakaran duniya a shekarar. Dukansu ta teburin nan suka bi.

Ku fara daga inda kuke, amma ku fara da tsari. Mutum ɗaya ba ya zuwa Abuja ya ce a ba shi lasi a saurare shi kamar yadda za a saurari ƙungiya. Ku haɗu ku kafa kulob, da shugaba da magatakarda da ma'aji, ku sa dattijo ɗaya ko malamin makaranta ya zama uban ƙungiya. Ku kai gaisuwa wurin mai unguwa da hakimi ku faɗi abin da kuke nufi, don taron samari a bayan gari ba tare da sanin manya ba, a wannan zamani, abin zargi ne. Daga nan sai Gusau, ma'aikatar matasa da wasanni, domin ta hannun jiha ake zuwa Gasar Wasanni ta Ƙasa da aka fara a Legas a 1973, da gasar matasa ta 'yan ƙasa da shekara 15. Idan akwai ƙannenku mata masu sha'awa, rukunin mata yana nan a kowane mataki, kuma maganar tana hannun iyayensu, a bi ta can.

Ba sai na gaya muku halin da hanyar Gusau zuwa Ɗansadau take ciki ba, kun fi ni jin labari da wuri. Ina roƙonku don Allah kada sha'awar atisaye ta kai ɗayanku daji. Babu kofin da ya kai ran ɗa a wurin uwarsa. Rahamar da ke cikin wannan wasa ita ce bai buƙatar nisa. Zagayen kilomita huɗu a gefen gari, inda ana hango rufin gidaje, da ɗan tudu da kwazazzabo da yashi, shi ne ainihin girman filin Olamfik. Ku fita tare, da rana, bayan an ji daga masu tsaron gari, ku dawo kafin la'asar sakaliya. Kada ku ratsa gonar kowa sai da izininsa, kada ku tare hanyar mata masu zuwa rijiya, kuma in lokacin salla ya yi a ajiye kekuna.

Idan kun shirya tserenku na gida, ku yi shi kamar na gaske ko da ku goma ne. A buɗe littafi: suna cikakke, shekarar haihuwa kamar yadda take a takarda, sa hannun mahaifi ga yaro, lambar da aka ba kowa. A raba yara da manya. A duba birkin gaba da na baya na kowane keke, wanda birkinsa igiya ce da addu'a ya zauna ya yi kallo ran nan. Wanda ba shi da hular kwano ya ara, in ba a samu ba ya haƙura. A sa mutum a kowace kwana mai hatsari, a gayyato ma'aikacin asibiti da akwatinsa, a tanadi ruwa. Kyauta ta fito daga aljihun wani mai hali ko asusun kulob, kada a bar caca ta shigo, domin da ta shiga za a fara sayen tsere, daga nan sai gaba. A rubuta lokacin kowa, na farko har na ƙarshe, magatakarda da uban ƙungiya su sa hannu. Littafin nan shi za ku ɗauka ku je Gusau da shi, kuma jami'in da ya ga sunaye da shekaru da lokuta na wata shida a jere zai yi muku kallon da ba zai yi wa mai zuwa da baki kawai ba.

Tun da lasi da Janairu yake farawa, lissafinku ya fara daga kaka. Idan an sayar da waken suya da dawa, kowa ya ware wani abu ya ba ma'aji: na hoton fasfo, na gyaran takardu, na mota zuwa Gusau, na hula. Keke mai giya da birki mai kyau yana da tsada, kuma ba dole kowa ya mallaki nasa a shekarar farko ba. Kulob na iya sayen guda biyu na hannu a riƙa karɓa-karɓa wajen atisaye, wanda littafi ya nuna ya fi kowa lokaci shi zai hau ranar gasa, sauran su bi shi da famfo da ruwa zuwa wurin makanikai.